Baffana, Wanda Ya Tsaya wa Ɗan Majalisa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Baffana, yayan mahaifina, ya rasu da hantsi a gidansa da ke Batsari, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun saukar ruwan fari. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Na zauna zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin wanda bakin masu gaisuwa ya rabu kamar nasa ba. Wani dattijon Bafulatani ya hawo babur tun daga bayan Yasore, duk da halin da hanyar take ciki, ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya dube mu ya ce, "Tun ina da baƙin gashi nike ba mutumen nan shanu. Ban taɓa ce mashi ina shaida ba." Daga haka bai ƙara ba, ko ruwa bai sha ba ya juya. Gwaggo, ƙanwarsu da ke aure a Zakka, tun daga zaure ake jin muryarta, tana kuka tana faɗa a lokaci guda: "Sau nawa na ce mashi shi bar wanga abu? Taurin kai, tun muna yara haka yake!" Shugabannin ƙungiyarmu ta mahauta sun zo cikin manyan riguna, suka yi addu'a mai kyau, amma da suka miƙe na ji ɗayansu yana cewa ƙasa-ƙasa, "Allah Shi jiƙan shi, mutum ne mai wahala." Can gefe kuma, jikin katanga, ƙananan mahauta masu yawo da tire suka zauna a ƙasa, suka ƙi hawa tabarma, aka kai musu abinci suka ƙi taɓawa.

Ni ne sakataren waccan ƙungiya, don haka wanda ya ce Baffa mai wahala ne, na fi shi sanin wahalar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kada a wayi gari wannan kalma kaɗai ta rage a bakin mutane.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Gidanmu gidan fawa ne kaka da kakanni, amma ni ya tura ni boko, sannan ya shafe sauran rayuwarsa yana yi mini tsiya a kan haka. Bai taɓa kiran sunana ba, sai Malam Biro. In na shigo kwata, inda ake yanka, da takalmi mai tsabta sai ya ce wa yaransa, "Ku matsa, ga hukuma." Kowace safiya yakan wasa wuƙarsa da kansa, ba ya ba kowa, yana wasawa yana sauraren rediyo yana yi wa mai labarai gardama. In ka kawo masa magana, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani da idonka?" In ka ce a'a, ya ce to ajiye ta nan. Goro ɗaya yakan fasa shi huɗu, ya ci ɗaya ya raba uku, ko da kuwa da wanda suka yi faɗa jiya ne.

Abin da aka fi saninsa da shi a kara, wato kasuwar shanu, shi ne tsayawa. Wanda bai san sana'armu ba sai na yi masa bayani. Mahauci ba kullum yake da kuɗin saniya a hannu ba. Yakan ɗauka ya yanka ya sayar, sannan ya kawo wa mai ita. To mai shanu ya fito daga daji, bai san ka ba, me zai sa ya sakar maka igiya? Sai an sami dattijon da kowa ya yarda da shi. Mai saye da mai sayarwa su haɗa hannu, dattijon ya ɗora nasa a sama, ya ce, "Na tsaya mashi." Shi ke nan, ba takarda, ba alƙali. In mai saye ya saɓa, dattijon ne zai biya, kuma ba ya fita daga ciki sai mai haƙƙi ya ce da bakinsa, "Na sake ka." Sau biyu na san abin ya faɗo kan Baffa a kara. A na biyun, waken da ya noma a shekarar gaba ɗaya ya tafi, kuma washegari ya sake tsaya wa wani.

Ƙungiyar ma yana cikin waɗanda suka kafa ta. A zamaninsu gwangwani ne ake zagayawa da shi ranar kasuwa, mai hali ya jefa, marar hali ya ce Allah Ya sa albarka. In duba-gari ya hana sayar da naman wani, ko wani ya kwanta ciwo, a buɗe gwangwani. Zuwa lokacin da na zama sakatare, an sami ofis da hatimi da tikiti, kuɗin ƙungiya kuma ya zama dole a kan kowa, mai yanka sa da mai tallan kayan ciki. Wanda bai biya ba, yaran ƙungiya su karɓe wuƙarsa ko tirensa sai ya kawo. Ba zan ce kuɗin duk banza yake tafiya ba. Da shi ake sayen ruwan wanke kwata, da shi ake sallamar masu gadi. Da shi kuma ake ba ni alawus, wannan ma gaskiya ce, kuma Baffa bai taɓa barina na manta da ita ba.

Shekarun da daji ya lalace, garin ya cika da mutanen ƙauyuka. A cikinsu akwai wani magidanci daga yankin Ruma, wanda aka kore masa shanu kaf a yini ɗaya, ya shigo da iyalinsa ba su da komai sai kayan jikinsu. Mutumin da a da yake sayar wa mahauta shanu, ya dawo yana karɓar ɗan nama a tire yana zagaya kasuwa. Wata ranar kasuwa yaranmu suka tare shi, ba shi da na tikiti, suka karɓe wuƙar. Bai yi musu ba. Ya tsaya riƙe da tire, ga mai saye yana jira a yanka masa, ba abin yanka. Baffa ya taso daga teburinsa, ya zare wuƙar nan tasa da ba ya ba kowa, ya miƙa masa. Sannan ya juyo inda nake zaune da littafin tikiti.

"Malam Biro, ga ni ba wuƙa. A rubuta ni cikin waɗanda aka ƙwace ma."

"Baffa, doka ce. Ba ni na yi ta ba."

"Awo, ba kai ka yi ta ba. Kai dai ka ci ta."

Kwana uku ban shiga gidansa ba. A na huɗu Inna, matarsa, ta aiko mini da fura, na gane an gaji da fushina.

Ana cikin haka kakar zaɓe ta zo. Wani ɗan takarar majalisa ya shigo har kwata, yana ɗage farar rigarsa kada ta taɓa ruwan jini. An riga an gaya masa abin da ke damun ƙananan mahauta, don haka ya hau benci ya ce in Allah Ya kai shi, abu na farko da zai tsaya a kai shi ne dokar da za ta hana kowace ƙungiya tilasta wa ɗan kasuwa biyan kuɗi. Mai so ya biya, marar so a bar shi da wuƙarsa. Masu tire ko tafi ba su yi ba, don sun ji irin wannan ba sau ɗaya ba. Sai Baffa ya goge hannu a zanen aikinsa, ya matso.

"Yaro, abin da ka faɗa, ka faɗa?"

"Na faɗa, Baba."

Sau uku ya tambaye shi, kamar yadda ake yi a kara, sau uku ya amsa. Baffa ya kamo hannun mutumin Ruma ya haɗa da na ɗan takara, ya ɗora nasa a sama, ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, na tsaya mashi."

Ɗan takara ya washe baki, yaransa suka ɗaga wayoyi ana ɗaukar hoto. Shi a wurinsa wani dattijo ne ya nuna goyon baya, irin wanda yake samu goma kafin azahar. Mu kuwa da muka san abin da aka yi, sai muka dubi juna. A hanyar gida na ce, "Baffa, wannan fa ba cinikin saniya ba ne. Mutanen nan haka suke magana." Ya ce, "Musulmi ne, baligi, ya faɗa gaban shaidu. Mi ya rage?" Na rantse har ya koma ga Allah bai yarda akwai wata irin magana da ake faɗa gaban shaidu ba don a cika ba. Labari ya kai har Safana cewa Baffa ya tsaya, mahautan can ma suka bi da ƙuri'unsu. Ɗan takarar ya ci zaɓe.

Shekara guda Baffa bai tayar da maganar ba. In an taɓo zancen sai ya ce sabon shiga ne, a bari ya gane hanyar ofis. Ranar kasuwar da ta biyo bayan cikar shekara, ina zaune da littafina, sai ga shi tsaye a kaina da masu tire a bayansa. Ya zaro kuɗi daga aljihun ciki ya ajiye a gabana.

"Yanka ma kowa tikitinshi."

"Baffa, mene ne haka?"

"Wanda na tsaya ma bai kawo ba. Kai ɗan gidan pawa ne ko ba kai ba?"

Na ƙi karɓa. Na ce masa ba wanda ya ɗora masa, ba wata doka ta Allah ko ta gwamnati da ta ce ya biya. Ya bar kuɗin a kan tebur ya yi tafiyarsa, iska na neman kwashe su. Na yanka tikitin ina jin kamar in nutse. Daga ranar har ya kwanta jinya, babu ranar kasuwar da ya tsallake.

Bai tsaya ga biya kawai ba. A kara, wanda ya tsaya wa mutum aka saɓa, yakan je ƙofar gidan mai saɓawar ya zauna. Ba zagi, ba ɗaga murya, gaisuwa kawai, kullum, har kunya ta yi aikinta. Haka Baffa ya ɗauki ƙafa zuwa Katsina. Yakan shiga motar farko, ya sauka ya nemi gidan Onarabul, ya shimfiɗa buzunsa a gindin katanga. Masu gadi tun suna korarsa har suka koma ajiye masa ruwan alwala. Wani lokaci ya tafi da dattawan mahauta biyu daga Safana, wani lokaci shi kaɗai. Yaron Onarabul ya sha fitowa da ambulan ya ce ga kuɗin mota, Baffa ya ce ya gode, da kuɗin motarsa ya zo.

Sau ɗaya na raka shi, kuma ranar ce aka shigar da mu. Onarabul ya tashi tsaye, ya rusuna, ya kira shi Baba, ya sa aka kawo lemo. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai fara'a. Ya ce maganar tana ransa, yanzu haka tana gaban kwamiti, kuma shugabannin ƙungiyoyi suna da ƙarfi, sai an bi a hankali.

Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, shi wanga kwamiti ɗan wane gida ne? Ni ban san shi ba, ban ɗora hannuna bisa nashi ba. Naka na riƙa."

Onarabul ya yi dariya har da buga cinya, ya ce Baba akwai barkwanci. Baffa bai yi dariya ba, lemon ma bai buɗe ba.

Da muka dawo ya ce tunda su takarda suke ji, a yi musu takarda. Kuma ni zan rubuta. Na ce, "Baffa, ni ne fa sakatare. Ka ce in rubuta ƙarar ofishin da nake ci a ciki?" Ya ce, "To don mi na kai ka boko? Don ka riƙa yanka ma talakawa tikiti?" Na rubuta. Masu tire suka yi layi a zaurensa suna dangwala yatsa a tawada, wasu sun taho tun daga Safana da Zakka. Shugaban ƙungiya ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Takardar an karɓa, an buga mata hatimi, daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba.

Abin ya ci shi, ba sai na ɓoye ba. Mutumin da yake yanka sa kowace kasuwa ya koma yanka akuya. Shanu biyu da yake kiwo a bayan gida suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta zo takanas daga Zakka ta zazzage masa, ta ce iyalinsa sun fi masu tire haƙƙi a kansa, kuma ni a raina na ce ta yi gaskiya. Inna ba ta taɓa cewa komai a gabanmu ba, sai dai miya ta canza. Akwai kuma 'yan cin banza. Layin masu tire ya riƙa tsawo, har da waɗanda ranar alkawarin ba su ma shigo garin ba. Na gaya masa. Ya ce, "Na sani. Na fi ka sanin fuskokinsu." Masu kunyar cikinsu kuwa, irin mutumin Ruma, sai suka koma yin sammako su biya kafin ya iso. Ranar da ya gane, ya yi fushin da ban taɓa gani ba. Ya ce su suna so a ce a garin nan ya tsaya wa mutum ya zame.

Na so shi, kuma ya ba ni haushi, sau da yawa a rana ɗaya. Har yau ina ganin kuskure ya yi da ya ɗauki maganar kamfe ya auna ta da ma'aunin kara. Amma na zauna da littafin tikiti shekara da shekaru ina kallon ana karɓe wa mutane wuƙa, ban taɓa yin kuskuren da ya kai nasa daraja ba.

Da ciwo ya yi nauyi, ya daina cin abinci, ya daina yi wa rediyo gardama. Wata rana da la'asar ya ce in tara masa waɗanda suke wurin ranar da ya ɗora hannu, su kaɗai. Suka cika ɗakin har tsakar gida. Muka tayar da shi zaune, na tallafe bayansa.

"Na tsaya ma mutum gabanku," in ji shi. "Bai kawo ba. Na bi shi iyakar ƙafata, na biya iyakar aljihuna. Yanzu duka biyun sun ƙare. Ba ni son in tahi da igiyar kowa a wuyana. In kun ga dama, ku sake ni."

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Mutumin Ruma ya rufe fuska da hularsa, ya ce, "Haba Baba, haba Baba," ya kasa wucewa nan.

"Ba haba na tambaye ka ba. Ka san yadda ake faɗi. Faɗi da ƙarfi kowa shi ji."

Ya sauke hular daga fuskarsa ya ce, "Na sake ka." Na kusa da shi ya faɗa, na bayansa ya faɗa, har maganar ta fita tsakar gida ta dawo. Baffa ya lumshe ido yana ƙirga muryoyin da leɓɓansa. Da aka gama ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma ku ji da kyau: ni kuka saki, ba shi ba." Daga nan ya ce wa Inna ko akwai fura. Ya sha rabin kofi. Bayan kwana biyar ya cika.

Har yau da nake wannan rubutu ana yanka tikiti a kasuwarmu, kuma ni nake yankawa. Ban ajiye aikin ba, ina da 'ya'ya. Abin da kawai na iya shi ne na gaya wa shugaba cewa ranar da aka sake karɓe wuƙar wani, ya nemi wani sakataren. Ya zuwa yanzu ba a gwada ni ba.

Ranar sadakar uku, wajen ƙarfe goma na safe, motoci suka tsaya a bakin layi. Onarabul ne, kuma kowa ya san wani zaɓen ya ƙarato. Ya zauna, aka yi addu'a, ya share ido, ina kuma kyautata zaton hawayen na gaske ne. Ya ce Baffa uba ne a wurinsa. Ya ce yana so jama'a su shaida, in Allah Ya maimaita masa, maganar kuɗin ƙungiya ita ce farkon abin da zai gama, don girmama marigayi. Wani daga cikin yaransa ya raɗa masa wani abu, ya waiwayo ya gane ni. Ya taso ya tsugunna a gabana, ya kamo hannun mutumin Ruma da ke kusa, ya riƙe, ya dube ni yana jira in ɗora nawa a sama. Ashe ya tuna yadda ake yi.

Dillalan kara suna zaune, dattawan mahauta na Batsari da na Safana suna zaune, ba wanda ya motsa. Ni ma hannayena suna kan gwiwata, na bar su a nan.

"Ranka ya daɗe," na ce, "mun gode da gaisuwa. Mai tsaya wa mutane a gidan nan, shekaranjiya muka rufe shi."

Mutumin Ruma ya zare hannunsa a hankali ya mayar cikin riga. Liman ya gyara murya ya ce a shafa.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka haɗa shi da iyayensa cikin rahama. Bayin da yake jin nauyinsu sun sake shi da bakinsu, muna ji muna gani. Kai ma Ka sake shi.